Watan Farko a Wurin Aiki da Kunyar Tambaya

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Malam Bashir, da ƙanwarmu Zainab wadda ta cika wata biyu da kama aikinta na farko. Zainab, ya sabon wuri?

Zainab: Alhamdulillahi, Anti. Amma makon farko na ji jiki. An ba ni rahoto in haɗa, ban gane yadda ake so ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Kwana uku ina fama, da na kai wa shugabata sai ta ce ba haka take nufi ba. Ranar sai da na ɓuya na yi kuka.

Bashir: Sannu, ƙanwata. Kin ga, sabon ma'aikaci yana da wani uzuri da ba ya daɗewa. A watan farko kome kika tambaya ba mai ganin laifinki. Sai kin kai wata shida kina tambayar abin makon farko ne za a fara yi miki wani kallo. Matambayi ba ya ɓata, amma da wuri ake tambayar.

Zainab: Malam, ni gani nake kamar da kuskure aka ɗauke ni, wata rana asirina zai tonu.

Hadiza: Wallahi ba ke kaɗai ba ce. Tun 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu kan wannan tsoro. Matan da suka yi nazari a kansu fa masu ilimi ne da suka yi fice a aikinsu, amma kowacce na ganin sa'a ce kawai ta kai ta nan. Ni ma na shekara ina jin haka.

Bashir: Bari in tambaye ki, kin karanta takardar ɗaukar aikinki har ƙarshe?

Zainab: Wajen albashi kawai na duba.

Bashir: To ki koma mata yau. Lokacin gwaji wata nawa ne, uku ko shida? Da me za a auna ki kafin a tabbatar da ke? Albashin da aka rubuta, kafin a cire haraji da kuɗin fansho ne ko bayan an cire? Da yawa sai ƙarshen wata suke ganin bambancin, ransu ya ɓaci, alhali yana nan a rubuce.

Hadiza: Shugabar taki fa, kun daidaita?

Zainab: Sosai. Yanzu da littafina nake shiga ofishinta. In ta ba ni aiki sai in maimaita mata abin da na fahimta, in tambayi ranar da take so. Jiya ma ita ce ta ce, "Ina littafin naki? Zauna ki rubuta."

Hadiza: Madalla. Malam, bayan ɗan hutu mu taɓo maganar zama da abokan aiki.