Amsoshin Tambayoyinku: Zakka Dole Ce a Kan Kirista?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Kafanchan. Yana tambaya ko zakkar kashi ɗaya cikin goma har yanzu dole ce a kan Kirista.

To Malam, mu duba don wa aka kafa ta. Littafin Firistoci sura 27 ya ce ushirin amfanin gona da na garke na Ubangiji ne. Littafin Ƙidaya sura 18 kuma ya ce Lawiyawa za a ba, domin ba su sami rabon ƙasa ba, hidimar alfarwa ta sujada ce aikinsu. Da manzanni suka zauna a Urushalima kan abin da za a ɗora wa masu tuba waɗanda ba Yahudawa ba, cikin Ayyukan Manzanni 15, ba su ambaci zakka ba. Haikalin Urushalima ma, inda ake kai zakkar, Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu.

Masu cewa dole ce suna kafa hujja da Ibrahim, wanda ya ba firist Malkisadik ushiri tun ba a haifi Musa ba, da kuma Matiyu 23:23, inda Yesu ya ce a riƙe adalci da jinƙai ba tare da an bar zakka ba. Sai dai daga ganimar yaƙi Ibrahim ya fitar, Yesu kuwa da Farisiyawa yake magana, mutanen da ke ƙarƙashin Shari'ar Musa. A ganina, ba doka ba ce a kanka. Amma kada ka ce na ce ka ɗaure bakin aljihu! Bulus ya umarci Korintiyawa su riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako, gwargwadon samunsu. Fasto ai ba iska yake ci ba.

Wasiƙa ta biyu ta fi taɓa ni. Wata gwauruwa mai sayar da ƙosai a Billiri ta ce an karanta musu Malakai 3 a majami'a, inda aka la'anci masu hana zakka, tun ranar take tsoron la'ana, don kuɗin zakkar ya tafi ga makarantar yara.

Mama, ki kwantar da hankalinki. A wannan surar dai, aya ta 5, Allah ya yi wa masu zaluntar gwauraye da marayu kashedi. Maimaitawar Shari'a 14 kuma ta ce zakkar kowace shekara ta uku a tara ta a gari, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ke nan a tsarin Musa kina cikin masu karɓa. Ki biya wa yara makaranta, abin da ya sawwaƙa ki sa a baiko ranar Lahadi. In buƙata ta matsa, ki sanar da dattawan ikilisiya.