Ƙanina ya daina ɗaukar kirana

HAJIYA RABI: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ce Rabi, ga Malam Nura, ga kuma Zainab. Yau ba za mu ja gabatarwa ba, domin saƙon da ya shigo mana yana da nauyi. Zainab, bismillah.

ZAINAB: To Hajiya. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, ta ce a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce: "Bashi ya yi wa ƙanina katutu. Ya ci a wuri uku, masu bin sa suna kira safe da yamma. Da na ji, sai na zaunar da shi na lissafa masa duk inda yake ɓarnar kuɗi. Na ce ya daina sayen nama, ya sayar da wayarsa, ni kuma zan kai maganarsa ƙungiyarmu ta taimakon juna a tara masa wani abu. Tun ranar ya daina ɗaukar kirana. Yau wata guda ke nan. Ina na yi kuskure?"

MALAM NURA: Allah sarki. Ni dai Hajiya, in aka duba shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, ban ga wadda ba ta kan hanya ba.

HAJIYA RABI: Ni ma ban gani ba, Malam. Amma sake duba saƙon. Na lissafa masa, na ce, na ce, zan kai. Ina wurin da ta ce "na tambaye shi"? Babu. Yaron nan ya kwana da bashin nan watanni, ya san adadinsa fiye da kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya zo wurin yayarsa da nauyi a ƙirji, ya tashi da nauyin, an kuma ƙara masa da kunya.

ZAINAB: Musamman maganar kai shi gaban ƙungiya. Ni a nan zuciyata ta tsaya. Abin da yake ɓoyewa ne za a baje a gaban mutanen da ya sani.

MALAM NURA: Haka ne. Amma kada mu ɗora wa yayar laifi, ƙauna ce ta sa ta.

HAJIYA RABI: Ko kaɗan ba laifi muke ɗora mata ba. Wanda bai damu ba ai ba zai rubuto ba. Abin da nake so ta gane shi ne, tausayi iri biyu ne. Akwai wanda kake tsaye daga sama kana cewa "wayyo, bari in gyara maka". Akwai kuma wanda kake zama kusa da mutum har ka gane yadda abin yake a idonsa. Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya ba da wata dabara a shekarun 1950 wadda har yau nake aiki da ita. Ya ce kafin ka faɗi naka, ka maimaita wa mutum abin da ya faɗa da kalmominka, sai ya yarda cewa ka fahimce shi, sannan ka yi magana. Gwada ka gani. Sau da yawa za ka tarar abin da ka ɗauka yana nufi ba shi ba ne.

ZAINAB: Akwai wani bincike da ya sauya mini tunani a kan masu bashi. An buga shi a mujallar Science a 2013. Masu binciken, cikinsu da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun je jihar Tamil Nadu a Indiya wurin manoman rake 464. Manoman nan sau ɗaya suke samun kuɗi a shekara, lokacin girbi. Aka yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya taru, aka sake yi bayan an biya su. Mutanen dai su ne, amma sakamakonsu ya fi kyau sosai bayan girbi.

MALAM NURA: Wato damuwar kuɗi tana cinye wani ɓangare na hankali.

ZAINAB: Ita ce, Malam. Don haka in ka ga mai bashi yana yanke shawarar da ba ta dace ba, ba lallai wauta ce ba. Kansa ne ya cika. In ka zo masa da umarni biyar a zama ɗaya, ka ƙara wa jaki kaya ne.

MALAM NURA: To bari in shigo da ɓangarena, domin bayan an saurare shi, bashin yana nan yana jira. Abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya zo mini: ka daina gudun kiran masu bin ka. Na san da wuya. Amma a ƙasashe da yawa yanzu akwai hukumomin da ke ajiye tarihin bashin kowa, bankuna da kamfanoni suna aika musu wanda ya biya a kan lokaci da wanda ya yi jinkiri. Daga nan ake fitar wa mutum maki. Wanda ya fi suna shi ne FICO na Amurka, da aka fara a 1989, yana tashi daga 300 zuwa 850. Kuma sun bayyana yadda suke auna shi: kashi 35 cikin 100 biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan abin da ake bin ka, kashi 15 daɗewar tarihinka, sauran 20 kuma an raba su tsakanin sabon bashi da ire-iren bashin da kake da su.

HAJIYA RABI: Ke nan biyun farko sun kwashe kusan kashi biyu cikin uku.

MALAM NURA: Sun kwashe, Hajiya. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma ruhin ɗaya ne: shin kana cika alkawari, kuma shin ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka? A Amurka jinkirin biya yana iya zama a rahoton mutum har shekara 7. Shi ya sa shiru yake da tsada. In ka kira su tun kafin ranar biya ta wuce ka ce ga halin da nake ciki, sau da yawa ana iya sake tsara biyan. Mai ba da bashi ya fi son kaɗan-kaɗan a kan babu.

ZAINAB: Malam, yi mana bayanin tarkon biyan mafi ƙanƙanta. Mutane da yawa suna ganin in sun biya shi sun sauke nauyi.

MALAM NURA: Lissafi ne mai sauƙi. A ce ana bin ka 100, kuɗin ruwa kashi 2 a wata, aka ce mafi ƙarancin abin da za ka biya 3 ne. Ka biya 3 ɗin. Biyu sun tafi a ruwa, ɗaya tak ya taɓa uwar kuɗin. Wata mai zuwa ana bin ka 99. Haka mutum zai shekara yana biya yana mamakin me ya sa bashin ba ya motsi. Shi ya sa nake cewa, tunda wuri uku ne, ya rubuta su a takarda ɗaya, da adadi da ruwan kowanne, ya riƙa ba kowa mafi ƙarancinsa, duk rarar da ya samu ya zuba wa wanda ruwansa ya fi tsada.

HAJIYA RABI: A nan zan saɓa maka kaɗan, Malam. A lissafi kana da gaskiya. Amma wanda ya karaya yana bukatar ya ga abu ɗaya ya ƙare. Ni zan ce ya fara kashe bashin da ya fi ƙanƙanta. Ranar da uku suka koma biyu, ranar zai yi barci.

MALAM NURA: Zai biya ruwa fiye da yadda ya kamata fa.

HAJIYA RABI: Zai biya. Amma hanyar da zai iya ɗorewa a kai ta fi wadda zai bari a wata na biyu. Kuma shi ya kamata ya zaɓa, ba mu ba, ba yayarsa ba.

MALAM NURA: Wannan na yarda. Abu ɗaya dai da ba zan sassauta ba: kada ya ci sabon bashi don ya biya tsoho, sai in ruwan sabon ya fi sauƙi a fili kuma ya karanta sharuɗɗan da idonsa. Kuma ya nemi rahoton tarihin bashinsa ya duba, domin ana samun kuskure a ciki.

ZAINAB: Ni kuma maganar naman ce ta tsaya mini. Yadda aka faɗa masa, ya zama kamar horo: ka ci bashi, to an hana ka nama. Alhali abincin da aka gina a kan tsirrai abinci ne cikakke, akwai masu wadata da suka zaɓe shi don lafiyarsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2016 ga dangin wake, kuma 10 ga Fabrairu ce ranarsu a kowace shekara.

HAJIYA RABI: Amma mutane suna tsoron ba zai riƙe jiki ba.

ZAINAB: Yana riƙewa in an haɗa shi daidai. Furotin ɗin wake yana da wani sinadari, laisin, da ya yi ƙaranci a hatsi. Hatsi kuma yana da wanda ya yi ƙaranci a wake. In kana cin su biyun, ko ba a kwano ɗaya ba, a wuni ɗaya dai, sun cike wa juna. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, zai fi saurin nuna kuma ya rage kumburin ciki. Jan wake mai siffar ƙoda kuwa dole ya tafasa sosai, aƙalla minti 10, domin ɗanyensa yana da guba. Ɗanɗano kuma daga albasa yake farawa: a bar ta ta soyu a hankali har ta yi ja, a sa kayan ƙamshi cikin man kafin ruwa, a ƙarshe a matsa lemon tsami. Lemon nan ba don baki kaɗai ba, bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana rage tsotsewar, gara a jinkirta shi bayan cin abinci.

MALAM NURA: Babu abin da mutum zai rasa ke nan?

ZAINAB: Akwai, Malam. Bitamin B12. Wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da madara gaba ɗaya sai ya nemi ƙwayarsa, wannan ba abin wasa ba ne, rashinsa yana taɓa jini da jijiyoyi. Amma wanda ya rage nama kawai, bai kai nan ba. Ni da ni ce yayar, ba zan ce masa komai a kan nama ba. Zan dafa tukunya mai daɗi in kira shi mu ci.

HAJIYA RABI: Madalla. Saura maganar ƙungiya, kuma a nan labari ɗaya zan bayar. Bankin abinci na farko a duniya, St. Mary's, an buɗe shi a birnin Phoenix na Amurka a 1967. John van Hengel ne ya kafa shi, amma tunanin ba daga kansa ya fito ba. Wata uwa ce da ke ciyar da 'ya'yanta da abin da shaguna ke zubarwa ta ce masa kamata ya yi a samu wurin da za a riƙa ajiye abincin, mabuƙata su zo su ɗauka, kamar banki. Ya saurare ta. Ƙungiyar 'yar'uwarmu abu ce mai kyau, Allah ya ƙara musu ƙarfi, amma ba a kai sunan mutum sai da izininsa. Wataƙila ma ba kuɗi yake so ba. Wataƙila aiki yake nema, ko wanda zai zauna kusa da shi lokacin da zai kira masu bin sa.

MALAM NURA: To Hajiya, yanzu ba ya ɗaukar waya. Ta ina za ta fara?

HAJIYA RABI: Ta rubuta masa saƙo gajere. Kada ta sa kalmar bashi a ciki. Ta ce: "Ƙanina, ranar nan na yi ta magana ban saurare ka ba, ka yafe mini. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba. Duk ranar da ka shirya, ina nan." In ta riga ta gaya wa wani, to ta faɗa masa gaskiya, kada ta rubuta abin da ba haka ba. Daga nan ta jira. Kada ta bi shi da kira.

ZAINAB: In ya yi sati bai amsa ba fa?

HAJIYA RABI: Ta sake gaishe shi, gaisuwa kawai. 'Yar'uwa, muna jiran ki rubuto mana yadda ta kaya. Malam Nura, Zainab, na gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.