Ƙaramar mota mai sulke: inda ta yi rana, da inda ta ba da kunya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Soro a Katsina ranar hawan Sallah ya ga 'yan lifidi. A zamanin yaƙi lifidi yana tare kibiya, amma in doki ya faɗi, mahayin sai an tashe shi. Irin wannan dabarar mai amfani da illa Turawa suka yi da ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da suka ƙera ƙananan motoci masu sulke don tanka ta yi musu tsada.

Ku ɗauki L3 ta Italiya. Mutum biyu take ɗauka, nauyinta wajen tan uku, bindigoginta gaba kawai suke kallo, don ba ta da kai mai juyawa. Da ita Musolini ya shiga Habasha a 1935, yana ganin mutanen da ba su da igwa mai huda ƙarfe ba za su iya da ita ba. A watan Disamba na shekarar, a mashigar dutsen Dembegina, dakarun Habasha ƙarƙashin Ras Imru suka gangaro da duwatsu suka toshe hanya, suka zagayo ta baya inda bindiga ba ta kaiwa, suka gama da waɗanda ke ciki. Da aka kai ta hamadar Libiya a 1940 kuwa, igwar Ingila ta riƙa huda ta kamar gwangwani.

Su Ingilishi sun fi wayo. Tasu ƙaramar, wadda sojoji ke kira Biren Kariya, ba su ce mata tanka ba. Dako suka sa ta: harsasai, ruwa, waɗanda suka ji rauni, sai leƙen abokan gaba a dawo da labari. Ko rufi ba ta da shi, gurneti ɗaya daga sama ya ishe ta, amma sai da aka ƙera fiye da 100,000.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, mu nan muna ganin motoci masu sulke a hanyar Jibiya da Batsari, kuma hankali yakan kwanta. A kan kwalta, wajen rakiyar ayari ko tsaron bakin gari, suna aiki sosai. Amma ɗan bindiga a kan babur yake, yana bin ƴar hanyar shanu cikin dajin Rugu. Da damina ta zauna, rafi ɗaya ya isa ya tsayar da motar, sai dai soja ya sauka ya bi sawu da ƙafa.