Darasi: Yadda ake kwashe faifan rock na kai-tsaye zuwa kwamfuta ba tare da an yanke tafi ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ƙanena, karkato kyamarar nan kan tebur, ba fuskata suka zo gani ba. Yawwa, nan ya yi.

Yau faifan Made in Japan za mu kwashe, na ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila, Deep Purple. Faifai biyu ne, fuska huɗu, amma waƙa bakwai ce kacal a ciki, don mutanen nan idan suka kama kiɗa ba sa sanin gida. A dare uku aka ɗauke shi cikin Agustan 1972, biyu a Osaka, ɗaya a Tokyo. Na zaɓe shi ne saboda duk wanda ya iya kwashe wannan, sauran faifan kai-tsaye wasa ne a wurinsa.

Haɗa garmaho da amfilifaya da kwamfuta ba zan tsaya a kai ba, mun yi a baya. Ku dai duba 'yar siririyar wayar nan ta ƙasa, ku ɗaure ta a kusarta. In kun ji sifika na gurnani kamar kyanwa ta samu wuri, ita ce ta kwance. Gudun garmaho kuma 33, wato juyi 33 da ɗan ɗori a minti. Wankin faifai ma na riga na yi da safe, da tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi. In a shagon batir za ku sayi ruwan, ku tabbata tataccen ne zalla, ba mai asid ba. Da hunturun nan kuwa sai kun sake share shi dab da ɗora allura, don faifai na jan ƙura kamar mayen ƙarfe.

Abu ɗaya kafin in manta: kada ku yi wannan aiki da ƙaramin janareto. Wasu tsofaffin garmaho da bugun wutar suke auna gudunsu, janareto na hawa yana sauka, muryar mawaƙi ma sai ta riƙa hawa tana sauka. Ku jira a kawo wuta, ko ku jona a inbata.

To, mun buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta. Ku bar saitin ingancin ɗauka a 44,100, hanya biyu, hagu da dama. Yanzu ga wurin da ya ba ni wahala shekara da shekaru, don haka ku yi haƙuri, zan daɗe a nan. Ƙarfin shigar sauti.

Faifan situdiyo kusan a daidaice yake, ka auna farkonsa ka tafi shan shayi. Na kai-tsaye ba haka yake ba. Bari in ɗora muku a fuska ta biyu... a'a, astagfirullah, ta farko ce, waƙa ta biyu a fuska ta farko, Child in Time. Kun ji? Jon Lord ne kan ogan, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Dubi ma'aunin nan, koren da kyar yake motsi. Nan ne shaiɗan zai ce maka ƙara. Ka ƙara, ka ji daɗi, ka koma ka zauna. Bayan 'yan mintoci mawaƙinsu Ian Gillan zai fara wannan ƙarajin nasa, Ian Paice ya sako ganguna, ma'auni ya buge ja ya manne. Sautin da ya fashe a wurin ɗauka kuwa ba ya ɗinkuwa, ko wace manhaja ka kawo. Ni sai da na kwashe fuskar nan sau uku kafin in gane laifina ne, ina ta zargin allura, har na sayi sabuwa a banza.

Dabarar ita ce ka fara da wurin da ya fi ƙara. Ku kalli jikin faifan a haske. Inda layukan suka yi santsi, shiru ne. Inda suka yi kaushi suna ƙyalli, nan ne hayaniya. Ɗora allura a nan, da 'yar sandar ɗagawa don Allah, ba da yatsa ba. Sai ka ja ƙarfin baya har tsinin koren ya riƙa tsayawa wajen -6. Nawa ya ɗan wuce, bari in rage. Har yanzu. Yawwa. Daga nan kada ka sake taɓa shi har fuska huɗun su ƙare, in ba haka ba wata waƙa ta fi wata ƙarfi a kunne. In farkon ya yi maka ƙasa, ƙyale shi, haka suka buga shi.

Danna jan maɓalli tukuna, sannan ka sauke allura. Kafin ta gama bari mu ɗan taɓa hira.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya tambaye ni wa na fi so tsakanin Ritchie Blackmore, mai jitar Deep Purple, da Jimi Hendrix, shahararren mai jitar Amurka. Malam, ka haɗa ni faɗa da mutane. Hendrix ne, ba na ɓoyewa, kuma ku mutanen Nijar kun fi mu shaida, tunda masu jitar Agadez irin su Bombino sun sha kallon bidiyonsa suna koyo. Amma a faifan nan akwai wurin da Blackmore ke tsuma ni, a fuska ta uku, inda Gillan ke jefa murya shi kuma yana mayar masa da jita, tamkar mawaƙi da 'yan amshinsa. A situdiyo ba za ka sami wannan ba, sai a gaban jama'a.

Af, masu tambayar allura, akwai sauran kaɗan a shago, da burushin share faifai. Wanda kuma ba shi da garmaho ya kawo faifansa mu kwashe masa, farashi sai mun ga halin da faifan ke ciki. Amma kada a bar shi a mota. Wani ya kawo min nasa bayan ya wuni a bayan mota cikin zafin Afrilu, ya lanƙwashe kamar gurasa, na ce masa sai dai a rataye a bango.

To, ga wanda na ɗauka jiya, kada mu zauna jira. Kun ga babu wani fili tsakanin waƙoƙin, tafi ne ya cike. Don haka ku manta da umarnin nan da ke raba waƙoƙi ta hanyar neman shiru, ba zai samu ba. Da hannu za mu yi. Danna inda kake so, Ctrl da B, ka rubuta suna. Ni ina sa alamata inda tafi ya fara lafawa, kafin mawaƙi ya buɗe baki, don maganar da yake gabatar da waƙa ta waƙar da ke tafe ce. Wasu na barin ta a wutsiyar ta baya. Ra'ayi ne, amma nawa ya fi.

Kuma don Allah kada ku share tafin, kada ku bi shi da abin rage hayaniya. Abin nan ba ya bambance shewar mutane da ƙura, sai ya mayar maka da zauren Osaka kamar ana tafi a cikin randa. Faifan kai-tsaye na ƙungiyar The Who a birnin Leeds, wanda aka ɗauka ranar 14 ga Fabrairun 1970, har rubutu aka yi a tambarinsa cewa ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji ba matsala ba ne, kada a gyara. In akwai wani babban ƙas guda ɗaya na karce, zuƙo shi sosai ka gyara shi shi kaɗai.

Wajen fitarwa, zaɓi fayil da yawa bisa alamomin nan, kuma FLAC, wato nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti. MP3 yakan saka ɗan guntun shiru a farkon kowane fayil, a tsakiyar tafi kuwa sai ka ji kamar an yi tuntuɓe. In wayarka ta cika dole sai MP3, to bar kowace fuska a dunƙule. Ta huɗu ma ba ta buƙatar alama, waƙa ɗaya ce ta cinye ta, kusan minti 20.

Ƙanena, allura ta kai ƙarshe, ji ta can tana ƙas-ƙas. Ɗaga min ita, da sandar fa. Miƙo burushi mu juya.