Wa Ya Riƙe Alƙalami? Kamfanonin Inshora da Dokar Lafiya ta Amurka

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamai da sauran mahalarta, maganata a yau ta shafi dokar gyaran kiwon lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010, da kuma irin hannun da kamfanonin inshora suka tsoma a cikinta tun tana daftari.

Sai mun ɗan waiwaya kafin mu gane abin da ya faru. A 1993, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta kawo nata shirin, ƙungiyar kamfanonin inshora ta yaƙe shi da tallan talabijin, inda ake nuna wani magidanci da matarsa, Harry da Louise, suna zaune a gida suna fargabar cewa gwamnati za ta zaɓa musu tsarin da ba su so. Shirin ya mutu a 1994 ba tare da an kaɗa masa ƙuri'a a zauren majalisa ba.

Da aka zo ƙarshen 2008 sai kamfanonin suka sauya salo. Ƙungiyarsu, AHIP, ƙarƙashin Karen Ignagni, ta ce ta yarda a hana su korar mai neman inshora saboda yana da tsohuwar cuta, amma da sharaɗin doka ta wajabta wa kowa ya sayi inshora. A yi adalci, hujjarsu tana da tushe, domin idan babu tilas, mai lafiya zai jira har sai ciwo ya kama shi sannan ya shiga, kuɗin da ake biya kuwa ya yi ta hauhawa a kan sauran jama'a. Sai dai ku dubi abin da cinikin ya haifar: doka ce za ta tura miliyoyin mutane wurin kamfanoni masu zaman kansu, gwamnati kuma ta cika wa marasa ƙarfi kuɗin daga baitulmali.

Inda aka fi yin aikin rubutun shi ne Kwamitin Kuɗi na Majalisar Dattawa, wanda Sanata Max Baucus na jihar Montana ke shugabanta a lokacin. Babbar mai ba shi shawara kan lafiya, Liz Fowler, ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba a WellPoint, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin inshorar ƙasar a lokacin, kafin ta dawo ofishinsa a 2008, kuma Baucus da bakinsa ya yaba mata a zauren majalisa kan rawar da ta taka. Ba ina cewa an saye ta ba ne. Abin da ya dame ni shi ne, wanda ya zauna cikin wata sana'a yakan auna abin da zai yiwu da ma'aunin masu sana'ar, ko da niyyarsa tsarkakakkiya ce. A watan Mayu na 2009, likitoci da masu fafutukar tsarin da gwamnati kaɗai za ta riƙa biyan kuɗin magani sun miƙe ɗaya bayan ɗaya a zaman kwamitin suna tambayar dalilin da ya sa ba a ba su kujera ba, sai 'yan sanda suka fitar da su, alhali wakiliyar kamfanonin tana zaune a teburin. A ganina, tun a nan aka shata iyakar abin da za a tattauna.

Abin da ya rage shi ne shawarar gwamnati ta kafa tata inshorar ta yi gogayya da kamfanonin. Majalisar Wakilai ta sa wannan a ƙudirin da ta amince da shi a Nuwamba 2009 da ƙuri'a 220 da 215, amma kwamitin Baucus ya riga ya yi watsi da shawarar a Satumba. Daga bisani Sanata Joe Lieberman na Connecticut, jihar da kamfanin inshora na Aetna yake, ya ce ba zai ba da ƙuri'arsa ba muddin shawarar tana cikin ƙudirin, kuma ana buƙatar ƙuri'a 60 cif a Majalisar Dattawa. Aka cire ta. A shekarar 2009 ɗin ce AHIP, da ke nuna goyon baya a fili, ta miƙa wa Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Amurka fiye da dala miliyan 86, cibiyar da ke yaƙar ƙudirin, kuma ba a san da haka ba sai bayan an gama.

Kada a ɗauka kamfanonin sun sami duk abin da suke so. Dokar ta hana a caji tsoho fiye da ninki uku na abin da matashi ke biya, ta kuma wajabta musu kashe kashi 80 ko 85 cikin ɗari na kuɗin da suka karɓa a kan jinya da inganta ta, in ba haka ba su mayar wa mutane rarar. Amma dokar ta bar wa ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohi aikin fayyace abin da za a lissafa cikin wannan kason, don haka da aka sa hannu, masu yi wa kamfanonin kamun ƙafa suka tattara takardunsu suka koma can, suna neman a shigar da wasu kuɗaɗen gudanarwa a layin inganta jinya.

Nan zan dakata domin a yi tambayoyi. Na gode.