Ƙafa biyu, feda uku: laccar saukar da giyar mota a bakin kwana

An ɗauki wannan lacca a wani zaman direbobi da masu koyon tuƙi a Birnin Kebbi. Mai jawabin tsohon direba ne da ya koma koyarwa. An rage gaishe-gaishen farko.

Iyayena, 'yan'uwana direbobi, ƙannena masu koyo, ba wanda bai san fizgar nan ba. Ka taho daga Kalgo da gudunka, ga kwana, ka taka birki, ka danna kuloci, ka jefa lamba biyu, ka saki. Sai mota ta yi turjiya kamar akuyar da aka ja da igiya, inji ya yi ƙugi, na gaba ya dafe gilashi, Hajiya a baya ta ja salati. Kai kuma ka ce laifin hanya ne.

Ba hanya ba ce. Da ka danna kuloci ka raba inji da tayoyi. Inji ya koma hutawarsa, juyi 800 ko 900 a minti, tayoyi kuwa ba su san an yi ba, suna ta gudunsu. To ita ƙaramar giya inji mai zafi take so. A motoci da yawa, gudun da lamba uku ke yi da juyi 2,000, lamba biyu sai ta nemi kusan 3,000. Wa zai cike wannan giɓi? Kulocinka, shi ne zai yi ta gogewa har su daidaita. A motar da tayoyin baya ke turawa, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, abin ya wuce cin kuloci: in ƙasa ta jiƙe ko yashi ya hau kwalta, tayoyin baya na iya cijewa, bayan mota ya nemi ya riga gabanta.

Maganin ba wuya a baki. Kuloci na ƙasa, ka ɗan ba ta wuta, inji ya tashi ya tarar da gudun tayoyi, sannan ka saki. Sai dai ƙafarka ta dama tana kan birki, ta hagu tana kan kuloci, totur, wato fedar ba inji wuta, na can yana jira, Allah kuwa ƙafa biyu ya ba ka. Shi ya sa ta dama za ta yi aiki biyu. Turawa na kiran dabarar diddige da yatsa, sunan ya samo asali tun zamanin da wasu motoci ke da totur a tsakiya. A motocin yau diddigen ba ya cika shiga. Tudun nan na ƙarƙashin babban yatsa shi ke danne birki, sai ka mirgina gefen ƙafa, wajen ƙaramin yatsa, ya dangwali totur ya dawo. Dangwala na ce, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Iyayenmu da suka ja tsofaffin manyan motoci suna murmushi, don sun san kuloci biyu: a danna, a sa firi (wato ba giya), a saki, a ba ta wuta, a sake dannawa, a sa giya. Cadillac ce ta fara fito da zoben da ke daidaita haƙoran giya a 1928, daga baya ya game motoci. Amma ku lura, zoben nan cikin giyabos aikinsa ya tsaya. Daidaita inji da tayoyi har gobe aikin ƙafarka ne.

Yadda nake koyar da yarana, mota na tsaye ake farawa. Firi, birkin hannu a sama, inji na aiki. Taka birki, dangwali totur, kalli allurar juyin inji ta tashi ta sauko, ka yi ta yi har ƙafa ta haddace. Daga nan sai miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka sauko daga huɗu zuwa uku da dangwalar kawai, ba birki. Sai wannan ya zauna za ka haɗa su.

A wurin haɗawar ne kowa ke faɗuwa, kuma kuskuren ɗaya ne: ƙafa ta tafi neman totur, birki ya yi sako-sako ko ya ƙara cijewa, mota ta riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare. Birki ne babba. In ɗaya zai ɓaci, totur ya ɓaci. Kuma abin ya fi wuya a cikin gari, don in taka birkin bai yi nisa ba, fedarsa tana sama da ta totur, ƙafa ba ta kai ba.

Takalmi kuma. Ni da bakina, silifas ya taɓa maƙale mini tsakanin feda biyu a gangaren wajen Zuru, da buhunan dawa a baya. Tun ranar na bar tuƙi da shi. Ku nemi hoton bidiyon Ayrton Senna, ɗan tseren Brazil, yana jan Honda NSX a filin Suzuka na Japan: farar safa da sau-ciki mai siririn ƙasa, ƙafar na rawa, birkin bai ko motsa ba.

(Wani matashi ya ce: Baba, wannan ba ɓarnar mai ba ce, a tsadar nan?)

Ɗana, dangwalar ba ta kai daƙiƙa guda ba. Je ka tambayi bakanike kuɗin sauke giyabos a canja kuloci, ka dawo mu yi lissafi. Ban ce dole ba ne. Mai jigila tsakanin Jega da Argungu zai iya tsufa bai yi ta ba, in ya gama birkinsa kafin ya sauke giya. Akwai ma motocin da kwamfuta ke yi maka dangwalar, Nissan 370Z ta zo da haka a 2009. Amma Golf ɗinka ba ta da wannan. Wanda ya zo da mota mai kuloci ya same ni a fili bayan la'asar, masu silifas a aro takalmi.