Yaron Sarkin Ɓarayi a Littafin Almara

(Laccar da aka gabatar wa matasan marubuta a Maraɗi, an rubuto ta daga muryar da aka naɗa)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye, ƙannena, barkanku da yamma.

Tun da aka faɗi taken laccar nan na ga wasu dattawa sun ɗaure fuska. Ku yi mini haƙuri, labarin yaron da ya shiga hannun gwanin ɓarawo ya girme mu duka. Herodotus, marubucin tarihi na ƙasar Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta labarin maginin da ya gina wa sarkin Masar taska, ya bar dutse guda mai zaruwa, bai gaya wa 'ya'yansa biyu ba sai da ajali ya matso. A Ingila kuma, a littafinsa Oliver Twist na 1838, marubuci Dickens ya fito da tsohon ɓarawo Fagin, wanda ke cusa hankici a aljihu ya sa yara su zare, kamar wasa.

To, abin da ke damuna da rubutun yaranmu shi ne aron tsafi. Sai ka ga sandar sihiri da dogon bene mai dusar ƙanƙara, alhali marubucin a unguwar Zariya ta Maraɗi ya tashi. Me ya raba ku da layar zana? Ga baduhu, mai rufe idon mai kallo. Ga shashatau, wanda ake cewa yana sa mai kaya ya shagala. Ga sagau, mai sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami. Wanda ya taɓa sauraron Gambu mai waƙar ɓarayi ko Kassu Zurmi ya san duniyar ɓarayi tana da kirarinta da manyanta.

Kuma kowane asiri da sharaɗinsa, nan ne daɗin yake. A ce layar ba ta aiki in mai ita ya ci abincin gidan da zai shiga. Shi ke nan, ka sami babi guda: yaro da yunwa, tsohuwa ta miƙo masa fura. In laya tana yin komai ba dokar da ke karya ta, mai karatu ba zai ji tsoro ba, zai ajiye littafin.

Sai maigidan. Ku dubi yadda maƙeri ke riƙe yaronsa, shekara da shekaru yana zuga kafin a bar shi ya taɓa masaba. Haka gwanin ɓarawo zai yi: aike, gadin takalma, zama a tashar mota yana koyon gane wanda ya ƙulle kuɗi a lalita daga yadda yake dafa ƙugu. Kuma dole ya ɓoye laƙani ɗaya, don ya san ranar da yaron ya gama sani, shi ne na farko da za a yi wa sata. Yaro na son maigida, yana kuma jiran ranar. Ni a wurina wannan ne ƙashin bayan littafin, fashin fadar sarki ado ne kawai.

Abu guda da kuke yawan mantawa: wadda aka yi wa satar. Ku ba ta suna da fuska. Mai ƙuli-ƙuli ce ta ɗauki adashinta za ta Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, ku bar yaron ya ji kukanta a bayansa, mu ga ko zai waiwaya.

Na ga ana yi mini nuni da agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.